Sunan da Na Kankare

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya halicci ƙanshi ya halicci ɗoyi, ya kuma ba ɗan Adam hanci domin ya bambance. Ni ne Tunau ɗan Korau, mutumin Tudun Marke. Na keta ƙasashe goma sha ɗaya da ƙafata, na sha ruwan da jaki ya shinshina ya ƙi, na ci abin da ba zan faɗa a gaban surukaina ba. Wanda ke cin abinci a cikinku ya rufe kwanonsa tukuna, don labarin Birnin Sai-Alheri ba ya tafiya da loma.

Tun ina saurayi ba ni da abin da na iya sai dara. Kakana ne ya koya mini, ya kuma ɗora mini wata ɗabi'a da ta mai da ni abin dariya a gari: duk wasan da na yi, ko na ci ko an cinye ni, sai na rubuta yadda ya gudana, gurbi bayan gurbi. Wanda ya fi kowa yi mini dariya shi ne Arzika, ɗan kawuna, taubashina, wani dogo mai ƙafa kamar faranti, wanda bai taɓa kirana da sunana ba sai "bawana". Amma ranar da na ji labarin wani jan gishiri mai warkar da kumburi, can a wani tsibiri bayan ƙarshen hanyar fatake, na ce zan je in ɗebo, shi ne ya fara ɗaure kayansa.

Ya ce, "Bawana, in na bar ka kai kaɗai, zaki zai cinye ka kana rubuta ta inda ya fara."

Mun ratsa dajin da ƙudajensa suka kai tattabaru girma. Ba mu tsira ba sai da muka ɗaura mushen dila a doguwar igiya muna ja a bayanmu, suka koma kansa suka ƙyale mu. Mun iske kogin da ke gudu kamar an koro shi, babu gada babu kwalekwale. Kwana uku na zauna a bakinsa ina zana tsawon inuwar sandata a takarda, Arzika na zagina, har na gane kullum in inuwa ta dawo ƙarƙashin sanda kogin yakan tsaya cik kamar mai sauraro. A rana ta huɗu muka haye, ruwa iya gwiwa. Arzika ya ce sa'a ce kawai.

Birnin Sai-Alheri kuwa, hancinmu ne ya riga idonmu isa. A bakin ƙofa muka tarar da mushen jaki ya kumbura ya fashe, tsutsa na zuba kamar an kifar da kwanon shinkafa, mutane suna tsallake shi da manyan riguna suna gaisawa. Na toshe hanci na ce wa mai gadin ƙofa, "Malam, jakin nan fa ya mutu."

Bai yi wata-wata ba ya wanka mini mari. Ya ce, "Ya ƙaura. A nan ba a mutuwa, ba a faɗuwa, ba a asara. Ina labari?"

Na dafe kunci na ce, "Sai alheri."

Ya ce, "To ka ga ka iya. Ku shiga."

Dokar garin ke nan. Ba a ambaton abin da ya ɓaci. In rijiya ta rufta sai a ce ta huta. In mutum ya mutu sai a kankare sunansa daga jikin ƙofar gidansa, a dafa abinci, a ci a yi gyatsa, daga ranar ko uwarsa ba ta isa ta kira sunan ba. Rabin ƙofofin garin duk tabon kankara ne. Wasa kuma haramun ne, kowane iri, domin a cewarsu duk wasa yana da wanda aka cinye, wanda aka cinye kuwa ya yi asara. Ban taɓa ganin gari mai yawan murmushi da yawan wari irin wannan ba, kuma har yau ban san wanne ya fi tayar mini da zuciya ba.

Ni ban san dokar wasa ba. Muna hutawa a gindin ganuwa na tona gurabe a ƙasa, na ce wa Arzika ya zo in cinye shi. Ko tsakuwa biyar ba mu dasa ba dogarai suka yi mana rubdugu, suka ja mu gaban Sarkin Hanya Barmo.

Wannan mutum shi ke zaɓar hanyar da ayarin garin zai bi zuwa tsibirin gishiri sau ɗaya a shekara. Mun same shi a kishingiɗe, tumbi ya zubo masa har cinya, gemunsa ya yi ja ya daskare da ruwan goro, gaban rigarsa kamar an yanka kaza a kai. Yana magana yana feshi ta wani giɓi a gefen hagu na bakinsa, fadawa kuwa duk wanda feshin ya sama sai ya shafa a fuska ya ce, "Mun gode, ranka ya daɗe."

Ya dubi ƙafar Arzika ya yi murmushi. Ya ce, "Wannan ƙafa ta ɗan gaba ce."

Ashe tsakanin garin da tsibirin akwai Fadamar Haɗiya, taɓo ne baƙi na tafiyar yini guda, da hanyoyi uku a cikinsa: ta Giginya, ta Gawo, da ta Kuka. Kowace shekara wata hanyar takan buɗe baki ta haɗiye mutane. Saboda haka sukan sa baƙo a gaba, da igiya a ƙugu, in ya nutse a san wurin ba kyau, a yanke igiya. Sauran kwana goma sha biyu a tashi. Aka tsare Arzika a gidan Barmo yana riƙe masa kaskon tofi. Ni kuma, da yake gajere ne, aka ce a kai ni majema.

Majemar nan ita ce ƙarshen ƙazanta. Ramuka ne cike da ruwan kashin tattabaru da ruɓaɓɓen nama, kuma mata ne ke aikin, yawancinsu waɗanda mazansu suka "ƙaura". Kwana biyu ina amai. Babbarsu wata tsohuwa ce, Inna Yalwa, hannuwanta sun yi baƙi har gwiwar hannu, ba ta murmushi ko kaɗan. Wannan ya sa na ji na yarda da ita.

Na tambaye ta yadda Barmo ke zaɓar hanya. Ta ce ranar tafiya ana ajiye wani faffaɗan faifan katako a ƙarƙashin dakalinsa, an zana giginya da gawo da kuka a kai. Sai ya tauna goro bakwai ya tofa. Inda tofin ya faɗa, nan za a bi.

Na ce, "Inna, shi ke nan? Ran ɗan'uwana a bakin tofi?"

Ta ce, "Ran mijina da na 'ya'yana biyu ma a nan suka tafi, ɗan nan. Kankare fatarka."

Da azahar mazan garin kan cika ciki su bi inuwa su yi ta minshari, ba mai leƙo majema saboda wari. A rana ta uku baƙin ciki ya ishe ni, hannuna kuma ya saba, sai na tona gurabe a bayan ramuka. Amma maimakon dara, sai na ja layi uku. Na ce wannan Giginya, wannan Gawo, wannan Kuka. Na ɗauki tsakuwa na ce wannan Arzika ne, ina tura shi ina magana ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Ban ankara ba sai na ga baƙin hannu ya sauko ya ɗauki wata tsakuwa ya ajiye a layin Kuka.

Inna Yalwa ta ce a hankali, "Wannan ba kowa ba ne. Tsakuwa ce. Shekara ashirin da shida ke nan ta bi ta nan, shekarar da ruwan wanki ya yi kore."

Na ce, "Kore?"

Ta ce ruwan da suke wanki da shi daga fadamar yake gangarowa, kuma gab da tafiya yakan sauya launi: wata shekara kore, wata ja, wata baƙi. Yakan rina duk zanen da aka wanke. Sai ta shiga bukkarta ta fito da wani tsohon zane mai dabbare-dabbaren kore. Shi ta wanke ranar da mijinta ya tafi. An kankare sunansa daga ƙofa, amma ba wanda ya yi tunanin ƙwace mata zane.

Kashegari mata shida suka zo, kowace da ƙunshi a hammata. Kafin kwana biyar sun fi arba'in, har da waɗanda mazansu suka dawo lafiya. Doka ta hana a ce wane ya mutu, amma ba ta san da zancen tsakuwa ba. Kowace sai ta shimfiɗa zanenta, ta ɗauki tsakuwa, ta tura ta bisa layin da ayarin shekarar ya bi, in ta kai inda abin ya faru ta jefa ta a gurbi. Ni kuma ina zaune da fatar akuya da tawadar da na haɗa da bagaruwa, ina rubuta shekara, da launin ruwa, da hanya, da wanda ya dawo da wanda bai dawo ba. Da farko da kuka ake yi. Daga baya gardama ta shigo, wata ta ce ba a nan tsakuwarki ta faɗa ba, wata ta ce ke kina goye a lokacin. Har na ji dariya a majema, abin da suka ce ba a taɓa yi ba.

Da na jera shekara arba'in da ɗaya a fata, abin ya fito fili har ya ba ni haushi. In ruwa ya yi kore, Kuka ke ci. In ya yi baƙi, Gawo. In ya yi ja, Giginya da Kuka duka suna ci, Gawo ce kaɗai ke ɗaukar mutane. Abin da kowace mace ta riƙe guntunsa a ƙasan tukunya, garin ya yi shekara arba'in yana biyansa da rayuka, saboda kada a ɓata wa masu murmushi rai. Ruwan bana kuwa ja ne wur.

Saura tofi. Matan da ke wanke faifan bayan an gama suka ce su dai a gefen hagu suka fi shan kankarar busasshen goro. Muka bi shekarun Barmo ɗaya bayan ɗaya: cikin goma sha tara, sau goma sha bakwai tofinsa hagu ya yi, saboda giɓin nan. Faifan kuwa mata ke ajiye shi, kuma ba wanda ya taɓa kula ta ina suka juya shi. Don mu tabbata, muka samo wata tsohuwa mai giɓi irin nasa, muka ɗora ta a kan turmi, muka yi ta ba ta goro tana tofawa a murfin tukunya, ina rubutawa. Allah ya sani ban taɓa zaton ilimina zai ƙare a auna tofin tsohuwa ba.

To, a nan ne na yi abin da ya sa nake ba da wannan labari da kaina a ƙasa.

Shekarun jan ruwa da aka bi Gawo guda bakwai ne. A shida kowa ya dawo. A ɗaya kuwa mutum guda ya nutse, kuma shi ne Cindo, autan Inna Yalwa. Wannan layi ɗaya ya hana ni sakat. Ya ɓata mini kyan aikina. Na ce a raina tsohuwa ce, ta rikita zannuwa, ko kuwa mutumin santsi ya kwashe shi. Ina son in ce wa Arzika hanya lafiya lau take, ba tare da "amma" ba. Saura kwana biyu a tashi, na faki idon mutane na ɗauki wuƙar jima na fara kankare layin.

Na ci rabin sunan sai na ji an riƙe mini wuyan hannu. Inna Yalwa ce. Ta dubi fatar, ta dube ni.

Ta ce, "Kwana goma kacal ka yi a garinmu, ɗan nan. Har ka koya?"

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Ni da nake toshe hanci ina tir da masu kankare ƙofa, ga ni da wuƙa a hannu. Warin majema bai taɓa damuna kamar yadda na ji ƙyamar kaina a lokacin ba.

Ta ce, "Ba ni tsakuwa. A sake wannan shekarar."

Aka taru. Ta tura tsakuwar Cindo bisa layin Gawo, ta kai tsakiya ta tsaya, don ba ta san inda ya faɗa ba. Ba wanda ya taɓa gaya mata. Sai wata mata mai suna Tabawa, wadda mijinta ɗan dako ne a ayarin, ta matso tana kallon ƙasa. Ta karɓi tsakuwar ta fitar da ita daga layi kaɗan, ta ajiye a gefe.

Ta ce, "Inna, ki gafarce ni. Shekara tara ina riƙe da shi. Maigidana ya ce da rana ta take, wannan tsakuwar ta ce ƙafarta na ciwo, ta ratse ta zauna a inuwar babban gawon da ke tsakiyar hanya. Wurin a bushe yake, har da ciyawa. Sauran ba su zauna ba don ana sauri. Ya ce ko ƙara bai gama yi ba."

Inna Yalwa ta ɗauki tsakuwar. Sannan ta ce, da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Cindo. Sunansa Cindo." Ba wadda ta ce mata ta yi shiru.

Ranar tafiya Tabawa da wata suka ajiye faifai, gawo a hagu. Barmo ya tauna goronsa bakwai, ya tara, ya kumbura kumatu, ya tofa. Tofin ya faɗa a kan gawo, jaɓe-jaɓe, fadawa suka ɗauki kirari. Ni an sa ni cikin 'yan dako. Da aka fito da Arzika ya rame, igiya a ƙugunsa, na matsa kamar zan gyara masa ƙulli.

Na ce, "Hanyar za ta ɗauke ka. Amma akwai gawo a tsakiya. Ko za a kashe ka, kada ka shiga inuwarsa."

Ya ce, "Wa ya ce, bawana? Takardarka?"

Na ce, "Wani ne ya mutu ya gaya mana."

Bai yi dariya ba.

Muka shiga fadama. Taɓo na numfashi a gefenmu, yana kumbura yana fashewa da wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, matsattsaku masu tsawon kamu suna bin ƙafafunmu. Arzika na gaba, kowane taku sai na ji kamar a ƙirjina ya taka. Hanya ta riƙe. Barmo na tsakiyar ayari a kan gadon kara, mutum huɗu na ɗauke da shi, yana tofa wa na gaba a ƙeya.

Rana ta take muka iso gawon. Ban taɓa ganin inuwa mai kyau irin wannan ba: faffaɗa, mai sanyi, da lallausar ciyawa. Ni kaina da na san komai sai da ƙafata ta so ta ratse. Barmo ya ɗaga hannu ya ce a huta, ɗan gaba ya fara shiga ya taka.

Arzika ya tsaya a rana ya ce ba zai shiga ba. Mai riƙe da igiya ya fizge shi, ya ƙi. Dogarai biyu suka hau shi da bulala, suka ja igiyar har ta yanke masa fatar ƙugu, jini na bin ƙafarsa, shi kuwa ya kafa faranta-farantan ƙafafun nan nasa a ƙasa kamar an dasa shi. Na duba 'yan dako, na ga ba wanda ya motsa wajen inuwar. Ashe kowa matarsa ta yi masa raɗa.

Barmo ya fusata, ya ce tofinsa ne ya zaɓi hanyar nan, hanyar da tofinsa ya zaɓa kuwa ba ta da aibu. Ya ce a kai shi inuwa. Masu ɗaukarsa suka kai gadon bakin ciyawa suka dire, suka ja da baya suna cewa kafaɗa ta gaji. Ya zage su tas, ya sauko da kansa, ya taka zuwa gindin gawon, ya zauna ya miƙe ƙafa, ya ɓare goro.

Ya ce, "Kun gani? Sai alh..."

Ciyawar ta naɗe kamar tabarma. Muka ji wani sauti irin na mai haɗiyar loma da ƙyar, sai wurin ya koma sumul, goro ɗaya na juyi a sama. Babban dogari ya share gumi, ya yi murmushi, ya ce, "Ya ƙaura." Ayari ya amsa, aka ci gaba da tafiya.

Mun ɗebo gishiri mun dawo ta Gawo, ba wanda ya rasa ko takalmi. A gari kuwa aka kankare sunan Barmo daga ƙofarsa, aka dafa abinci, aka naɗa ƙanensa, aka fara auna masa goro. Ba namiji ɗaya da ya tambayi dalilin da ya sa sauran duk suka dawo. Da yake ɗan gaban da ya tsira ana sallamarsa, aka sallame mu da buhu guda, muka ɗaure kaya ko ruwan garin ban ƙara sha ba.

Na biya majema na kai wa Inna Yalwa fatar. Na riga na koya wa Tabawa alamomin, ta kuma ce kafin baɗi sai ta gano ta ina bakin sabon Sarkin Hanya ya karkace. Tsohuwa ta shimfiɗa fatar a cinyarta ta miƙo mini alƙalami.

Ta ce, "Sa na bana. Jan ruwa, Gawo, mutum ɗaya. Barmo."

Na ce, "Inna, har shi?"

Ta ce, "Shi ma tsakuwa ce. Sa shi. Sannan ka mayar mini da abin da ka cire."

Na mayar. Wurin da na kankare ya yi kaushi, tawada ta bazu, sunan Cindo ya fito ya fi kowane suna a fatar girma da muni. Ta ɗora baƙin yatsanta a kai ta ce haka ya fi, ba mai wucewa bai gan shi ba.

Yau shekara talatin ke nan. Ni da Arzika mun tsufa a Tudun Marke, kullum da la'asar muna dara a ƙofar gidansa. Hannuna ya fara rawa, idona ya rage, yanzu yakan cinye ni sau da yawa. Wani lokaci in ya yi mini mummunan ci, nakan naɗe takarda in ce tawada ta ƙare. Ba ya gardama. Sai ya ɗaga rigarsa a gaban jama'a, ya nuna tabon igiyar da ya zagaye masa ƙugu, ya tura mini tawadarsa da ƙafa.

Ya ce, "Rubuta, bawana."

Ni kuwa in rubuta. Nan hikayar Tunau ɗan Korau ta tsaya. Mai kwano ya buɗe kwanonsa, in har yanzu yana iyawa.